Yadda ake zaɓen sifesa don taya ta zauna daidai da bakin fenda

In ka tsaya a bayan motar da ba a canza mata komai ba tun fitowarta daga kamfani, za ka ga tayoyinta sun ɗan shige ciki, fenda ta fi su fitowa da faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Da gangan aka yi haka. An bar sararin ne saboda sarƙar da ake ɗaura wa taya a ƙasashen ƙanƙara, da tayoyi masu faɗi dabam-dabam da motar za ta iya ɗauka, da kuma dokokin da suka ce lallai jikin mota ya rufe taya. Sai dai ido ba ruwansa da wannan bayani. Motar da tayarta ta zo daidai da bakin fenda ta fi kyan tsayuwa, kuma abin da yawancin masu neman sifesa suke so ke nan.

Sifesa faifai ce ta alminiyam ko ƙarfe da ake sawa tsakanin hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, da rim, ta turo taya waje daidai kaurinta. Saboda sauƙin siffarta ne mutane ke zuwa shagon kayan gyara da tambaya ɗaya tak, wane kauri za su sa. Kauri kuwa shi ne abu na ƙarshe da ake yanke shawara a kansa, kuma motarka ce za ta faɗa maka shi, ba hoton motar wani a Instagram ba. Akwai lambobin da dole su dace kafin a zo kansa. In ɗaya daga cikinsu ta kuskure, ko kaurin ya yi daidai, abin da ka ɗaura zai iya raba ka da taya a tsakiyar titi.

Lambobin da ba a ciniki a kansu

Ta farko ita ce tsarin ramuka. Za ka ga an rubuta 5x114.3, wato ramuka biyar da aka jera a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Ta biyu ita ce faɗin ramin tsakiya, wanda leɓen hob yake shiga. Camry da Lexus RX suna da 5x114.3 da ramin tsakiya 60.1. Honda Accord ma 5x114.3 ce, amma nata ramin 64.1 ne. Galibin Nissan masu noti biyar 66.1 ne, Hyundai da Kia 67.1. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2013 tana da 5x100 da 54.1, Golf 4 kuma 5x100 da 57.1. Daga Golf 5 zuwa sama an koma 5x112. Mercedes 5x112 ce da 66.6, galibin tsofaffin BMW 5x120 da 72.6, Peugeot 406 kuwa 4x108 da 65.1.

Dubi Camry da Accord da kyau, don a nan mutane da yawa ke faɗawa. Ramukansu ɗaya ne, saboda haka mai shago zai ce maka, "Alhaji, duk ɗaya ne, za ta shiga." Sifesar Camry ba za ta hau hob ɗin Accord ba sam, ramin ya yi mata kaɗan. Ta Accord kuwa za ta hau hob ɗin Camry da ratar milimita 4, tana lilo, sannan leɓenta na 64.1 ba zai shiga rim ɗin Camry na asali ba. Wannan ma da sauƙi, tunda tun a gareji za ka gane. Wadda ta fi haɗari ita ce 5x112 da 5x114.3. Bambancinsu ƙanƙane ne har ana iya danna ɗaya a kan ɗaya, notuna su kama, ido bai ga komai ba. Amma kowane sitod, wato ƙusar hob mai haƙora da ake ɗaura noti a kanta, yana zaune ne a lanƙwashe, yana gajiya a hankali, wata rana ya ɓalle.

In rim ɗinka ba na kamfani ba ne, irin wanda ake saye a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, akwai ƙarin lamba. Yawancin irin waɗannan ana yi musu babban ramin tsakiya, misali 73.1, don su shiga motoci da yawa, sai a cike ratar da zobe na roba ko alminiyam. Cire tayar ka duba ko zoben yana nan. In yana nan, shi zai koma kan leɓen sifesar. In babu, samo shi tukuna, watakila ma shi ne dalilin rawar sitiyarin da masu balansin suka kasa cire maka.

Ta uku ita ce girman sitod ko bol da tazarar haƙoransa. Toyota da Honda suna amfani da M12x1.5, wato kauri milimita 12, tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.5. Nissan da Subaru M12x1.25 ne. Volkswagen tana da bol M14x1.5, Peugeot bol M12x1.25. Mercedes C-Class ta 2000 zuwa 2007 tana da M12x1.5, wadda ta biyo ta kuma M14x1.5. Ta huɗu, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce siffar gindin noti ko wuyan bol inda yake zama a cikin rim. Akwai mai tsini, akwai mai zagaye kamar na Honda da Volkswagen da Mercedes, akwai shafaffe mai washa kamar na rim ɗin alminiyam na Toyota. Mai tsini in aka sa shi a mazaunin mai zagaye, a siririn layi kawai zai taɓa. Zai ɗauru yau, ya saki gobe.

Lissafin ET

Kifa rim ɗinka ka duba bayansa, za ka ga rubutu kamar 6.5Jx16 ET45, irin na Camry ta 2007 zuwa 2011 da ake kira Muscle. Lambar 6.5 faɗin rim ne a inci, 16 girmansa, ET45 kuwa nisa ne a milimita tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da take manne wa hob. Gwargwadon girman ET, gwargwadon shigewar taya ciki. Aikin sifesa bai wuce rage ET ba. ET45 da sifesar milimita 15 ya zama ET30.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ka sayi abu sau biyu. In kana da niyyar canza rim, canza shi tukuna. A ce za ka tashi daga 6.5 ET45 ka koma 8 ET35. Faɗi ya ƙaru da inci 1.5, wato milimita 38.1, rabinsa zai fito waje, kimanin 19. Ragin ET ya ƙara 10. Bakin rim ya fito da milimita 29 ke nan ba tare da wata sifesa ba, ta ciki kuma ya matsa kusa da shokazoba da kimanin 9. Haka nan in za ka canza girman taya, ko sifirin ɗinka ya zauna yana neman canji, ko motar tana bukatar alayimen, gama da su duka kafin ka ɗauki abin awo. Kowannensu yana canza inda saman taya yake tsayawa.

Awo

Nemi daɓen siminti mai shimfiɗa daidai, ba ƙofar gida mai gangara ba. Iskar tayoyi ta zama daidai, sitiyari a miƙe. In an ɗaga motar da jak, a tura ta gaba da baya ta koma zamanta kafin a auna. Ka ɗaura noti a ƙarshen zare, ka liƙa zaren da salatif a bakin fenda, daidai saman tsakiyar taya, ka bar shi ya sauko ya daina motsi. Sai ka sa rula ka auna daga zaren zuwa kumatun taya, inda ya fi fitowa, ta sama kusa da fenda. Ba bakin rim za ka auna ba, don taya ce za ta goga, ba rim ba. Kada kuma ka auna ta ƙasa, nan nauyin mota ya buɗa tayar.

Auna dukkan huɗun ka rubuta. Kada ka yi mamaki in hagu da dama sun bambanta da milimita 2 ko 3, ana samun haka ko a motar da ba ta taɓa haɗari ba. Tokunbo da yawa kuwa an buge su a can aka gyara a nan, fendar da ta sha guduma da fila ba ta komawa daidai da 'yar'uwarta. Ka ɗauki ƙaramar lamba a matsayin ta gaba ko ta baya. Hagu da dama dole su sami kauri ɗaya. In bambancin ya wuce milimita 5 ko 6, ajiye zancen sifesa, ka kai motar a duba ƙafarta, akwai abin da ya lanƙwashe ko ya goce.

Yanzu zura hannu ƙarƙashin fendar baya ka shafa. A motoci da yawa za ka ji ƙarfen ya naɗe ciki ya yi leɓe mai faɗin santimita ɗaya ko fiye. Zarenka bai san da wannan leɓen ba, shi kuwa shi ne mai yanka taya. Mota a tsaye ba ta nuna matsala. Sai ta faɗa rami, ko an ɗauki mutum uku a baya da buhun shinkafa a but, tayar ta yi sama ta iske shi.

Yadda tayar ke yin saman ya danganta da irin ƙafar motar, kuma wannan ne dalilin da ya sa kauri ɗaya yake zama lafiya a wata mota ya ci taya a wata. A Accord, mai hannuwa da yawa a kowace ƙafar baya, in taya ta yi sama kanta yana ɗan karkata ciki, sai ta kauce wa leɓen. A bayan Corolla ta 2003 zuwa 2013 da Golf 4, inda sanda ɗaya ta haɗa tayoyin biyu, kusan a miƙe take hawa, babu kaucewa. Hilux mai aksil guda a baya, in ɓangare ɗaya ya hau tudu, duk aksil ɗin ne yake karkata. Mai Corolla ya fi mai Accord bukatar barin rata.

Daga abin da ka auna, rage wani abu. Masu titi mai santsi sukan rage milimita 3 zuwa 5. Ni a ganina, ga mai bin hanyoyinmu, da ramukansu da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, 5 zuwa 8 ya fi. A ce ka sami 21 a gaba da 26 a baya. Sifesar 15 a gaba da 20 a baya ta ishe ka. Wanda ya tsaya taku biyar daga motar ba zai ga wannan milimita 6 ɗin ba, amma taya za ta ji rashinsa. Ba laifi ba ne baya ta ɗan fi gaba kauri, haka ma aka fi yi, tunda tayar gaba tana juyawa tana bukatar fili. Kada dai bambancin ya yi yawa, don yana taɓa yadda mota ke shan kwana.

Turai tana da ƙa'ida da za ka iya aro ko ba ta hau kanka ba. Dokarsu ta ce jikin mota ya rufe dukkan faɗin taya daga digiri 30 ta gaban tsakiyarta zuwa digiri 50 ta baya. A Jamus ma sifesa tana zuwa da takardar izini, wasu nau'o'in kuma sai an kai motar wurin masu duba lafiyar mota irin TÜV ko DEKRA. Ma'anar wannan gare ka ita ce kada ka tsaya a saman taya kaɗai. Matsar da zaren gaba da baya ka duba, musamman inda bamba ta fara shigewa ciki, don a nan taya ke fara leƙowa tana watsa tsakuwa da taɓo a jikin ƙofa.

Gwaji kafin biya

In kaurin da kake nema bai wuce milimita 8 ko 10 ba, za ka iya gwadawa da washoshi. Jera adadi ɗaya a kan kowane sitod, mayar da taya, ɗaura notuna da hannu, sauke motar a hankali ka duba. Don kallo ne kawai. Ko taku ɗaya kada motar ta yi a kan washa. In kaurin ya fi haka, haƙoran da za su rage ba za su riƙe taya ba, sai ka ajiye wa mai shago kuɗi ka karɓo guda ka gwada ta gaske.

Da ita a jiki, a ɗaure yadda ya kamata, goga alli a leɓen fenda ta ciki. Murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas. Hau da ɗaya daga cikin tayoyin gaba kan bulo ko gefen kwalbati a hankali, don ta baya da ke ɗaya kusurwar ta shige cikin fenda. Sa mutane su cika kujerar baya. In alli ya fito a jikin taya, ko dai ka rage kauri, ko ka kai wa mai gyaran bodi ya naɗe leɓen ya kwantar da shi. Naɗewar tana yiwuwa, amma in ba a ɗumama fentin ba yana tsagewa, tsatsa kuma ta sami ƙofa. Na fi son rage kauri.

Kauri ne ke zaɓar maka iri

Sifesa iri biyu ce. Akwai ta zurawa, wadda sitod ko bol ɗin motar ke ratsa ta ya kama rim. Akwai kuma mai nata sitod, wadda ake ɗaure ta a hob da nata gajerun notuna, sannan a ɗaure taya a kanta.

Kafin ka zaɓa, cire taya ka auna tsawon leɓen hob, wato zoben da ya fito a tsakiya wanda rim ke hawa. A motoci da yawa bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba. Aikinsa shi ne ya tsayar da rim a tsakiya cif yayin da ake ɗaure notuna. Sifesar milimita 3 zuwa 5 shafaffiya ce, leɓen yana leƙowa ta cikinta, rim ya sami abin hawa. Daga 10 ko 12 zuwa sama, sifesa ta gari tana da nata leɓen da ke maye gurbin na hob. Matsalar tana tsakiya, wajen 6 zuwa 9. Wannan kaurin ya cinye leɓen hob kusan duka, kuma bai kai a sassaƙa masa nasa mai ƙarfi ba. Sakamakon shi ne tayar da ta goce daga tsakiya da ɗan abin da ido ba ya gani, da sitiyarin da ke rawa da zarar ka kai kilomita 90 ko 100. In awonka ya faɗa nan, sauka zuwa 5.

Ko a mai leɓen akwai abin dubawa. Zurfin raminta ta baya dole ya fi tsawon leɓen hob, in ba haka ba za ta tokare a kansa ta ƙi kwanciya. Ɗora ta ka danna da tafin hannu, ka gwada zura takarda tsakaninta da diskin birki ta kowane gefe. In takarda ta shiga, ko kuma ka ji tana girgiɗi, ba taka ba ce.

Sai maganar haƙori, wadda ita ce rai. Kowace milimita ta sifesar zurawa daga tsawon da noti ke kamawa aka ɗebe ta. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce noti ya kama tsawon da ya kai kaurin sitod ɗin. A M12x1.5 zagaye 8 ke nan, a M12x1.25 kusan 10, a M14x1.5 kimanin 9. Ba sai da na'ura ba. Ɗora sifesa da taya, sa noti a baki, ƙirga cikakken zagaye da hannu har ya tsaya. Sifesar milimita 5 tana cin zagaye fiye da 3 a M12x1.5. In abin da ya rage bai kai ba, sai an canza sitod da dogaye. Aiki ne na bakaniken da ya san hannunsa, don fitar da sitod da guduma yana kai dukan ga boris, a wasu motocin kuma sai an cire hob ɗin gaba ɗaya.

Masu motocin bol, wato Volkswagen, Mercedes, BMW da Peugeot, nasu ya fi sauƙi. Auna tsohon bol daga ƙarƙashin wuyansa zuwa ƙarshe, ƙara kaurin sifesa, shi ne tsawon sabon. Bol mai milimita 28 da sifesar 12 na neman 40. Kada ka ce bari ka ƙara don tsaro. Bol ɗin da ya yi tsawo yana leƙawa bayan hob, a Mercedes da BMW yana iya taɓa kayan birkin hannu da ke cikin diskin baya. Bayan ɗaurawa, juya tayar da hannu tana sama ka saurara.

Mai nata sitod takan fara daga milimita 15 ko 20. Ga masu Toyota da Honda ita ce hanya mafi sauƙi a wannan kauri, amma tana da tarko guda. Auna tsawon sitod ɗin motar daga fuskar diski. A ce ka sami 25, sifesarka kuwa 15 ce. Milimita 10 zai leƙo sama da fuskarta. Kifa rim ka duba tsakanin ramukan noti ko akwai aljihuna, ka auna zurfinsu. In sun fi 10, tsofaffin sitod za su ɓuya a ciki. In babu aljihu, kamar yadda yake a yawancin rim ɗin ƙarfe, rim zai zauna a kan kawunan sitod maimakon fuskar sifesa, notuna su yi kamar sun ɗauru alhali komai a iska yake. Mafita ita ce ƙara kauri har ya rufe sitod, in fenda ta yarda, ko komawa ta zurawa da dogayen sitod. Wasu na yanke tsofaffin da giranda. Yana aiki, sai dai ranar da ka cire sifesar sai ka sayi sababbi.

Abin da za ka saya

Nemi wadda aka sassaƙa daga curin alminiyam mai ƙarfi, za ka ga an rubuta 6061-T6 ko 7075-T6, da sitod ko bol mai lambar ƙarfi 10.9. Fuskarta sumul, lambobinta a zane a jiki. Ta zubi kuwa, mai ramuka dogaye da yawa da aka ce tana shiga kowace mota, ba ta da maraba da tukunyar da aka narka gwangwanaye aka zuba, ba ka san kumfar da ke cikinta ba sai ranar da ta tsage. Bar ta a shagon. Kada kuma a jera biyu don a sami kauri. Wadda masu injin sassaƙa ƙarfe ke yi a gari, in ta zurawa ce siririya kuma fuskokinta biyu sun yi daidai, da dama-dama. Mai nata sitod dai ban ba ka shawara ba, don ƙarfen da aka yi ta da shi ne zai riƙe tayar gaba ɗaya.

H&R da Eibach, kamfanonin Jamus biyu, suna cikin sanannun masu yin ta. In za ka yi oda daga waje, lura da yadda aka rubuta kauri. H&R tana rubuta jimillar ɓangarori biyu ne, saboda haka 30 a wurinsu na nufin 15 a kowace taya.

Ɗaurawa

Akwai abin da in ka gane shi, sauran matakan za su zama a fili. Ba sitod ne ke ɗauke da nauyin mota kai tsaye ba. Notuna suna matse rim da sifesa da hob da ƙarfin da ya kai tan da yawa, wannan matsin ne ke hana fuskokin zamewa a kan juna. Duk abin da ya shiga tsakaninsu, tsatsa ko yashi ko busasshen fenti, zai murƙushe bayan an yi tafiya, matsin ya ragu, noti ya saki.

Don haka fara da burushin ƙarfe. Goge fuskar diski da leɓen hob da bayan rim har ƙarfe ya fito fes. Wasu motocin suna da ƙananan zobba a gindin sitod da kamfani ya sa don riƙe diski, cire su. In akwai sukuru mai riƙe diski, kamar a Honda, tabbatar kansa bai fito ba. Shafa ɗan giris kaɗan a leɓen hob kawai, don kada alminiyam ya manne da ƙarfe. Ban da fuska, ban da haƙora. Awon ɗauri da kamfani ya bayar na busassun haƙora ne, in ka sa mai za ka wuce shi ba ka sani ba.

Kama kowane noti da hannu tukuna, sannan ka ɗaure a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, ba a jere ba. Ƙarshen ɗauri da sifana mai awo ake yinsa. A ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, Camry da Corolla na neman 103, Accord 108, Golf 120, C-Class ta 2000 zuwa 2007 na neman 110, wadda ta biyo ta 130. Duba littafin motarka, ka duba takardar sifesar ma, musamman kan notunan ciki da kuma ko sun ce a sa gam ɗin haƙori.

Na san yadda ake yi a wurin masu faci, yaro ya hau kan wilsifana ya yi tsalle. Mu lissafa. Yaro mai kilo 60 a kan sifana mai tsawon santimita 40, ko bai yi tsalle ba, ya ba da kimanin Nm 235, fiye da ninki biyu na abin da Toyota ta ce. In aka zura bututu ya kai mita ɗaya, ya doshi 590. Irin wannan ɗaurin yana miƙar da sitod har ya rasa ƙarfinsa, a sifesa mai nata sitod kuma yana iya murɗe sitod ɗin a cikin alminiyam, ka zo cire taya ya yi ta juyawa da noti. Ka tsaya a kan aikin, ka ce, "Oga, da hannu za a kama, da mai awo za a gama." In garejin ba su da ita, sayenta ya fi sayen fenda da diski araha.

Bayan kilomita 50 zuwa 100, sake bin kowane noti da sifana mai awo. A mai nata sitod sai an cire taya, don notunan ciki suna ɓoye a bayan rim, kuma su ne waɗanda in suka saki ba mai gani. Daga nan, duk lokacin da aka cire taya don faci ko birki, a duba su.

Abin da za ka biya bayan kuɗin saye

Turo taya waje yana nisanta nauyi daga boris, ya ƙara masa aiki, haka bol-joyin da tayarod. A milimita 10 ko 15 bambancin ba shi da yawa ga lafiyayyar mota. A 30 ko 40, kan hanya mai ramuka da lodi, za ka san hanyar shagon boris. In boris ɗinka ya riga ya fara kuka, canza shi kafin ka sa komai. A gaba kuma, inda taya ke taka ƙasa ya matsa daga layin da take juyawa a kansa, shi ya sa za ka ji rami yana fizgar sitiyari fiye da da, in ka taka birki taya ɗaya na kan kwalta ɗaya na kan yashi motar ta fi ja gefe. In awonka ya nuna kana bukatar fiye da 25 a ƙaramar mota, ni dai zan ce ka haƙura da cika fendar duka. Rim mai ƙaramin ET zai raba ka da ƙarin notuna, amma nauyin da ke kan boris ɗaya ne.

Saura safaya. Ciro ta ka gwada ta a kan sifesar tun kana gida. Yawancinsu rim ɗin ƙarfe ne marar aljihu, ba za su zauna a kan mai nata sitod ba in tsofaffin sitod sun leƙo, sai an cire sifesar, wanda ke nufin sokat ɗin da ke shiga notunan ciki ya zauna a but. Mai motar bol kuma ya ajiye tsofaffin bol ɗinsa a leda kusa da jak, don in sifesa ta fita, dogayen ba za su yi aiki ba.